Daga allon kwamfuta zuwa bakin kwazazzabo: yadda na haɗa taswirar zaizayar ƙasa

Abin da ya kai ni ga wannan aiki wata ƙaramar madatsar ruwa ce da ke cikewa da laka shekara bayan shekara. Ƙungiyar da nake yi wa aikin sa kai ta samu ɗan tallafi don dasa ciyawa da jera duwatsu a gonakin da ke saman madatsar, amma tallafin bai kai ya wadaci yankin duka ba, saboda haka tambayar da ke gaban kowa ita ce daga ina za a fara. A wurin taro kowa ya nuna gefen da ya fi sani, kuma da yake an san ina ɗan taɓa kwamfuta, sai aka ɗora mini nauyin kawo taswirar da za ta raba gardama. Na ce mako guda ya ishe ni. Aikin ya ci mako bakwai, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne wajen warware kurakuran da ni da kaina na ƙulla ba tare da na sani ba. Zan faɗi yadda abin ya gudana bi da bi, domin wanda zai bi wannan hanya bayana ya san inda ramukan suke.

Kwanakin farko karatu kawai na yi. Mafi yawan taswirorin zaizayar ƙasa da mutum zai ci karo da su a intanet an gina su ne a kan ƙa'idar lissafi guda, wadda masana biyu a Amurka, Wischmeier da Smith, suka fitar a 1965 suka sabunta a 1978, daga baya aka yi mata kwaskwarima a 1997 aka kira ta RUSLE. Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗi. Ana ninka abubuwa biyar da juna: ƙarfin dukan ruwan sama, wanda ake yi wa laƙabi da R, saurin da ƙasar wurin ke yi wajen narkewa ta bi ruwa, wato K, tsawon gangara da tsananinta, wato LS, abin da ya rufe ƙasa na ciyawa ko shuka ko bishiyoyi, wato C, sai dabarun da manomi ya yi don tare ruwa, wato P. Abin da zai fito shi ne tan nawa na ƙasa kowace hekta ke asara a shekara. An samo ƙa'idar ne daga ƙananan filayen gwaji masu tsawon mita 22.13 a kan gangara mai kashi 9 cikin 100. A cikin bayanan akwai wata jimla da ke cewa ƙa'idar tana auna ƙasar da ruwa ke sharewa daga saman fili ne da wadda ke bin ƙananan tsagogi, ba ta auna kwazazzabo, ba ta auna zubewar gaɓar rafi, ba ta kuma faɗin inda ƙasar ta je ta kwanta. Na karanta jimlar na wuce kamar ban gani ba, sai a mako na shida ta dawo ta same ni.

Daga nan sai rajista. Na buɗe asusu a shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, inda ake sauke bayanan tudu da kwari, aka aiko mini da saƙon tabbatarwa ta imel, ban daɗe ba na shiga. Na kuma yi rajista da Google Earth Engine, wanda ke ba mutum damar sarrafa hotunan tauraron ɗan adam a kan manyan kwamfutocin kamfanin ba tare da ya sauke su ba. A nan sai mutum ya bayyana cewa aikinsa ba na kasuwanci ba ne, ya kuma faɗi abin da zai yi da shi. Na sauke QGIS, manhajar haɗa taswira, wadda kyauta ce ga kowa. A cibiyar bayanan ƙasa ta Tarayyar Turai, ESDAC, na cike takarda mai neman suna da wurin aiki da dalilin buƙata, sannan mahaɗin saukewa ya zo ta imel. Duk waɗannan wurare babu inda aka nemi ko sisi daga gare ni. Abin da aikin ya ci shi ne kuɗin intanet, da lokaci, da kuɗin zirga-zirga a ƙarshe. Shawarata ita ce mutum ya cike dukan takardun a rana ɗaya tun farko, ya yi karatunsa yayin da yake jiran amsa, kada ya yi irin nawa, da sai na iso mataki sannan nake tuna cewa ban nemi izinin shiga ba.

Mataki na farko na ainihin aikin shi ne shata iyaka. Abin da ake nema shi ne dukan faɗin ƙasar da ruwanta, in ya sauka, zai gangara ya haɗu a wuri ɗaya, a nawa aikin kuwa wurin shi ne bakin madatsar. Iyakar irin wannan yanki tana bin ƙoƙuwar tuddai ne, babu ruwanta da iyakar gunduma ko ta gona. Na fara da taswirar HydroBASINS, wadda ta rarraba duniya zuwa irin waɗannan yankuna a matakai 12, daga manyan koguna zuwa ƙananan rafuka. Ko a mataki na 12 yankin da ta ba ni ya fi nawa girma, domin an gina ta ne daga gurabe masu faɗin kusan mita 500, kuma ba ta san da zaman madatsarmu ba. Ta taimaka mini dai na san kewayen da zan sauke. Sai na koma na shata iyakar da kaina daga bayanan tudu da kwari. Irin waɗannan bayanai fili ne da aka yayyanka gida-gida kamar gurbin dara, kowane gurbi da lambar tsayinsa daga teku. Manhaja tana duba kowane gurbi ta ga wanne ne mafi ƙasa cikin maƙwabtansa takwas, ta tura ruwa can, a haka har hanyoyin ruwa su fito. Na danna inda nake ganin bakin madatsar yake, sai ta zana mini wani ɗan yanki da bai wuce gona biyu ba. Na maimaita sau huɗu ina samun abu ɗaya. Ashe dannawata ta faɗa gurbi biyu gefe da layin rafin da manhajar ta lissafa, don haka ruwan wani ɗan tudu kawai take tarawa. Dole ne mutum ya fara fito da layin rafin a allo, ya matso da shi sosai, ya ɗora alamarsa a kansa daidai.

Bayanan tsayi iri biyu na gwada. Na farko SRTM ne, wanda jirgin sama jannati Endeavour ya auna da rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, kowane gurbi kusan mita 30. Na biyu shi ne na Copernicus mai faɗin gurbi iri ɗaya, wanda aka tattara tsakanin 2011 da 2015. Dukansu saman abin da rada ta tarar suke aunawa, ko kan bishiya ne ko rufin gini, shi ya sa kurmin da ke bakin rafi ya fito kamar ɗan tudu a tsakiyar hanyar ruwa. Na biyun ya fi tsabta a yankina, na zaɓe shi, sai dai ya zo da tasa matsalar: titin da ya ratsa yankin ya fito kamar ganuwa, saboda rada ba ta ganin kwalbatin da ke ƙarƙashinsa. Da na sa manhaja ta cike ramukan ƙarya, wato guraben da ruwan allo ke maƙalewa ya rasa mafita, kamar yadda aka saba yi, sai ta mayar da bayan titin wani tafki shimfiɗaɗɗe, ta karkatar da rafin zuwa inda bai taɓa bi ba. Na yi yini guda ina neman kwalbatoci a hoton tauraron ɗan adam, ina huda titin da hannu a kowane wuri, kafin ruwan allo ya yarda ya bi hanyar da ruwan gaske ke bi.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya a gangara ya faru. Na lissafa ta, sai taswirar ta fito ja wur daga farko har ƙarshe, tana nuna cewa kusan ko'ina a tsaye yake kamar bango, har da fadamar da take a shimfiɗe. Na zargi bayanan, na sake saukewa, na zargi manhajar, na sake girkawa, kwana biyu suka tafi a haka. Dalilin kuwa ƙarami ne. Bayanan suna zuwa ne da faɗinsu a ma'aunin digiri, tsayinsu kuma a mita. Digiri ɗaya ya kai kusan kilomita 111, amma manhajar, da yake ban gaya mata ba, sai ta ɗauki digiri ɗaya a matsayin mita ɗaya, ta ga ƙasa ta hau mita biyu a cikin tazarar da ba ta kai ƙwayar yashi ba. Maganin shi ne a fara juya bayanan zuwa tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6, yake kuma auna komai da mita. Mutum ya nemo lambar shiyyarsa, ya juya kowane falle na bayanai zuwa gare ta tun kafin ya taɓa wani lissafi. Abin lura a nan shi ne manhajar ba ta yi mini ko tari ba. Ta karɓi abin da na ba ta, ta yi lissafinta daidai, ta miƙo mini shirme cikin launi mai kyau.

Bayan gangara ta daidaita na haɗa LS, ina amfani da yawan filin da ke zubo ruwa cikin kowane gurbi a madadin tsawon gangara, kamar yadda Desmet da Govers suka tsara a 1996. A nan ma lambobi suka yi tashin gwauron zabo a cikin rafuka, inda ruwan dubban gurabe ke haɗuwa. Tun da ƙa'idar ba don cikin rafi aka yi ta ba, sai na cire layukan rafuka daga lissafin gaba ɗaya, na kuma yi wa tsawon gangara iyaka. Masu RUSLE sun nuna cewa da wuya ruwa ya yi tafiyar da ta wuce kusan mita 120 a shimfiɗe bai taru a hanya ɗaya ba, kuma mita 300 ita ce ƙurewa. Wanda bai sa wannan iyaka ba zai samu taswirar da rafuka kaɗai ke haske a cikinta, gonakin da ake nema kuwa su dusashe.

Ƙarfin ruwan sama shi ne abin da ya fi wuyar samu da gaskiya. Asalin R ba yawan ruwan shekara yake nema ba, yana neman ƙarfin kowane hadari ne da mafi tsananin zubarsa cikin minti 30, domin milimita hamsin da suka sauka cikin sa'a ɗaya kamar da bakin ƙwarya ba daidai suke da hamsin ɗin da aka yini ana yayyafinsu ba. Irin wannan awo sai tashar da ke rubuta ruwa minti bayan minti na tsawon shekaru, kuma ba ni da ita. Na ɗauki taswirar duniya da Panagos da abokan aikinsa suka fitar a 2017 daga tashoshi 3,625 a ƙasashe 63, mai gurbi kusan kilomita ɗaya. Na kuma ɗauko bayanan CHIRPS na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, waɗanda ke ba da ruwan kowace rana tun daga 1981, gurbinsu kuma ya haura kilomita biyar. Yana da kyau mutum ya tsaya ya auna wannan a ransa: gurbi ɗaya na ruwan sama ya haɗiye gurabe fiye da 30,000 na gangara. Manhaja za ta yayyanka shi ya yi daidai da mita 30, amma yankawar ba ta ƙara masa sani ko kaɗan. A ƙaramin yanki irin nawa R kusan lamba ɗaya ce daga wannan gefe zuwa wancan, kuma na gane cewa ba ita za ta bambanta mini gona da gona ba.

Don K na je SoilGrids na cibiyar ISRIC da ke Wageningen a ƙasar Holan, wanda ke ba da hasashen yashi da yumɓu da lallausar ƙasar da ke tsakaninsu, da kuma ruɓaɓɓen taki na cikin ƙasa, a zurfi shida, gurbi mita 250. Na ɗauki zurfin sama na santimita 0 zuwa 5, na zuba a ƙa'idar Williams mai fitar da K daga waɗannan abubuwa, sai lambobin suka fito ba kai ba gindi. Wannan karon darasin gangara ya yi mini rana, ban zargi kowa ba, na danna gurbi ɗaya na tara yashi da yumɓu da lallausar ƙasa, na ga sun ba da 1,000 maimakon 100. Bayanan a giram cikin kilo suke, ƙa'idar kuma kashi cikin ɗari take so, sai an raba da goma. Akwai kuma tarko na biyu a bayansa: abin da ƙa'idar ke fitarwa a ma'aunin Amurka yake, sai an ninka shi da 0.1317 kafin ya zauna da R ɗin da ke ma'aunin mita. Wanda ya manta wannan zai ninka asarar ƙasarsa fiye da sau bakwai, kuma taswirarsa ba za ta canza kama ba ballantana ya farga.

Saura C, a nan ne na fi daɗewa, a nan ne kuma aikin ya juya. Na ɗauki taswirar WorldCover ta hukumar sararin samaniya ta Turai, mai gurbi mita 10 da rukuni 11, don raba gona da daji da gari da ruwa. Sannan na yi amfani da hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2 na lissafa NDVI, ma'aunin da ke gane ɗanyen ganye ta hanyar kwatanta jan haske da wani hasken da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani. Na zaɓi hoto mafi tsabta da na samu, wanda aka ɗauka dab da ƙarshen damina, ko'ina kore shar. Na ninka fallaye biyar ɗin, taswira ta fito, gonaki duk cikin aminci, sai ƴan jajayen tabo a kan duwatsu. Daren nan na kwanta da farin ciki. Washegari na kai wa wata malama da ta daɗe tana koyar da ilimin ruwa da ƙasa, ta duba shiru, sannan ta ce, “Malam, wane wata aka ɗauki hoton nan?” Na faɗa mata. Ta ce, “To, ranar da ruwan farko ya sauka, wannan ganyen yana ina?” Na ce, “Malama, ba a ma shuka shi ba.” Ba ta ƙara komai ba, ta miƙo mini takardata.

Na auna rigar ƙasa a lokacin da ta fi kauri, alhali ɓarnar tana faruwa ne lokacin da ƙasa take tsirara, an share gona, an yi huɗa, hadarin farko ya zo da iska. Gyaran ya ci mako biyu. Sai da na lissafa C na kowane wata daban, na raba R na shekara a kan watanni gwargwadon rabon ruwan da CHIRPS ya nuna, na ninka wata da wata sannan na tara. Rabon da aka yi da yawan ruwa kaɗai kimantawa ce, kuma a ganina yana rage wa hadarin farko nauyinsa, amma ya fi hoto ɗaya nesa ba kusa ba. Wahalar ita ce gajimare. Sentinel-2 yana dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, amma a tsakiyar damina akwai watan da ban samu hoto ko ɗaya mai tsabta ba, sai da na tattara hotunan shekara huɗu, na cire gajimare da inuwarsa, na ɗauki matsakaicin kowane wata. Da na nemi ganin sakamakon kai tsaye a allo sai aka ce mini lokacin lissafi ya ƙare, domin na ɗora kaya fiye da kima a tafi ɗaya. Daga baya na koyi tura aikin a matsayin fitarwa zuwa Google Drive, in bar shi yana yi, in dawo bayan wani lokaci in tarar ya gama. Akwai kuma ƙa'idoji biyu da aka fi amfani da su wajen mayar da NDVI zuwa C, ɗaya an tsara ta don Turai, ɗayar an gwada ta a Burazil, kuma lambobinsu sun yi hannun riga. Na gwada duka biyun. Yawan tan ya bambanta ƙwarai, amma wuraren da suka fi haɗari kusan ba su motsa ba, kuma wannan ne ya fara nuna mini abin da ya kamata na yarda da shi a taswirar da abin da bai kamata ba.

P ban wahala a kansa ba, domin babu tauraron da zai nuna mini ko kunyoyin gona sun bi gangara ko sun gitta ta. Na ba ko'ina lamba 1, ma'ana babu wata kariya, na rubuta haka ƙarara a gefen taswirar.

A mako na shida na zaɓi wurare goma sha biyu, huɗu daga ja, huɗu daga tsaka-tsaki, huɗu daga kore, na sa lambobinsu a waya, na fita da ƙafa. Wani dattijon manomi ya yarda ya raka ni. A mafi yawan wuraren taswirar ta yi gaskiya. A wata gona da ta fito ja, a tsakiyar gangara, na durƙusa na ga ƙananan tsakuwoyi kowace tana zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa mai tsayin gaɓar yatsa, ruwa ya cinye kewayenta ya bar abin da ta rufe. Saiwoyin wata bishiya a gefen gonar suna waje har ina iya zura hannu a ƙarƙashinsu, a gindin shinge kuma yashi ya taru fari tas. Amma tudun da ya fi ko'ina ja a taswirata, da muka hau shi, fa ne tsantsa, babu ƙasar da za a kwashe, an riga an kwashe ta tun kafin a haife mu. Gangara mai tsanani da rashin ciyawa sun haɗu sun ba da babbar lamba, bayanan ƙasa masu gurbin mita 250 kuma ba su san dutse ne ba. Mun kuma tarar da gonaki biyu maƙwabta da taswirar ta ba su launi ɗaya, ɗaya an bar mata karan bara kwance, ɗayar an share ta ƙal. Busasshen kara yana kare ƙasa daga dukan ruwa, amma NDVI ɗanyen ganye kawai yake gani, don haka a wurinsa duka biyun tsirara suke.

Muna dawowa dattijon ya ce, “Ɗana, wannan takarda taka ta nuna maka inda ƙasa ke tafiya da gaske kuwa?” Na ce, “Baba, ai wuraren da muka zaga ke nan.” Ya girgiza kai, ya ja ni zuwa ƙasan titi, inda wani kwalbati ke zubar da ruwa. A nan wani kwazazzabo ya buɗe baki, zurfinsa ya fi tsayina, gaɓarsa ta tsattsage tana shirin zubewa, kansa kuma yana cin gonar da ke sama. A taswirata wurin kore ne. Na tsaya a bakinsa gwiwata ta yi sanyi, sai jimlar nan da na tsallake a makon farko ta faɗo mini. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, tun farko ta faɗa cewa wannan ba aikinta ba ne, kuma faɗin ramin bai kai rabin gurbi ɗaya na bayanan tsayi ba. Da na koma gida na buɗe tsofaffin hotuna a Google Earth Pro, na ja ma'aunin shekaru baya, na ga yadda kan kwazazzabon ke hawa tudu daga hoto zuwa hoto. Na bi yankin duka a haka, na zana kowane kwazazzabo da hannu a falle na dabam, na ɗora shi a kan taswirar, na kuma cire duwatsu daga lissafi.

Ranar da na gabatar da aikin na cire lambobin tan daga jikin taswirar, na bar matakai huɗu kawai, daga mafi haɗari zuwa mafi sauƙi, sannan na tara sakamakon a kan ƙananan yankunan rafuka maimakon gurbi-gurbi, domin babu wanda zai je ya jera duwatsu a murabba'i ɗaya na mita 30. Wani ya nemi na faɗi tan nawa ke shiga madatsar a shekara, na ce masa taswirar ba ta san wannan ba. Abin da ta lissafa shi ne ƙasar da ta tashi daga wurinta, kuma kaso mai yawa yana kwantawa a gindin gangara ko bayan shinge bai kai rafi ba. Mai son wannan amsa sai ya ƙara wani mataki, irin wanda manhajar InVEST ke yi, ya kuma gwada shi da awon laka na gaske. Don mutane su ji nauyin abin a jikinsu, na yi musu lissafi ɗaya da ba ya buƙatar tauraro: milimita ɗaya na ƙasa a faɗin hekta ɗaya zai cika akwati 10 masu tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, nauyinsa kusan tan 13. Kaurin da bai fi na farce biyu ba ke nan, ido ba ya ganin tafiyarsa a shekara guda, shi ya sa mai gona ke rantsuwa cewa ƙasarsa tana nan.

Da zan sake aikin daga farko, da ranar farko zan fita zagaye, ba mako na shida ba, domin wanda ya riga ya ga fadama da idonsa ba zai yi kwana biyu yana kallon taswirar da ta ce bango ce ba. Da zan buɗe littafi in rubuta, ga kowane falle, inda na samo shi, da shekararsa, da faɗin gurbinsa, da ma'auninsa, kuma ba zan ninka falle biyu ba sai na danna gurabe uku ko huɗu a kowannensu na ga lambar ta shiga hankali. Da zan ba C rabin lokacina tun farko, tun da shi da gangara ne ke bambanta wuri da wuri a ƙaramin yanki, kuma shi ne abin da hannun mutum ke iya canzawa. Lambar tan kuwa ba zan sa ta a gaban kowa ba sai ina da awon fili da zan jingina ta da shi, domin ƙa'idar da aka gina a filayen gwaji na wata nahiya, aka ciyar da ita da hasashen tauraron ɗan adam, tana iya jera wurare daga mafi muni zuwa mafi sauƙi, amma adadin da take bayarwa yana iya ninkuwa ko ya ragu da canjin ƙa'ida ɗaya, kamar yadda na gani da idona a kan C.

Ƙungiyar ta zaɓi ƙananan yankuna biyu da suka fito a sahun gaba, ta kuma ware wani kaso don kan kwazazzabon da ke ƙasan titi, wanda taswirar farko ba ta ma san da shi ba. Ni da dattijon mun kafa turakun ƙarfe a wurare shida, uku a gonakin da za a yi wa aiki, uku a waɗanda ba za a taɓa ba bana, mun auna tsayin kowanne daga fuskar ƙasa mun rubuta. Mun kuma kafa ɗaya taku goma daga kan kwazazzabon. Bayan ruwa ya ɗauke za mu koma da ma'auni.